Damar Kyamara

Ranar Asabar ɗin, Magdalena ta tashi ƙarfe shida, ta sha maganinta, ta dama kunu. Ƙarfe bakwai mahaifinta Enoch ya fito ya same ta a barandar gidansu na Gwagwalada, kwamfuta a cinya, kunun ya huce a gefe.

Shekarunta ashirin da tara. Da ciwon sikila aka haife ta, kuma rabin karatun sakandarenta a gadon asibiti ta yi shi. Wani ƙaramin kamfani a Durumi take wa aiki, masu shafin intanet da mutum zai buɗe ya ɗauki bidiyon kansa ya aika, yawanci masu neman aiki. Aikinta shi ne shafin ya yi amfani ga wanda ba ya gani. Abraham ne ya jawo haka, wani makaho da ke koyarwa a Karmo, abokinta a ƙungiyar mawaƙan coci. Ya taɓa yin jawabin minti uku na neman aiki, ya aika, daga baya aka gaya masa fankar silin ya ɗauka. Shi ya mai da abin labarin dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta sa wa shafin murya, tata, mai cewa "an fara ɗauka", "an tsaya", "matsa dama kaɗan", har fuskar mutum ta zo tsakiya.

Ƙarfe tara ta kira mahaifinta. Ta zaunar da shi gaban kwamfutar, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa ido.

"Shekara talatin ina auna filayen Abuja, yau ni ake aunawa," in ji shi.

"Baba, ka bi muryar kawai. Ban da gardama."

Muryar ta ce ya matsa dama. Ya matsa. Ta sake cewa dama. Ya sake matsawa, har ya kusa faɗowa daga kujera.

"Damar wa take nufi? Tawa ko tata?"

Magdalena ta ce, "Damar kyamara ce. Tana fuskantarka, damarta hagunka ce. Mu duk da ido muke gwadawa, muna kallon kanmu muna gyara zama, ba wanda ya saurari abin da take faɗa."

"Shi ya sa mu 'yan safiyo gabas da yamma muka sani."

"Kwamfuta ba ta san gabas ba, Baba."

Ƙarfe goma aka ɗauke wuta. Ta jawo takardar tsarin sujada ta makon jiya, ta rubuta gyaran a bayanta, layi huɗu, ta ce sai Litinin. Ƙarfe ɗaya suka ci doya da mahaifiyarta Alice. Ƙarfe huɗu ta tafi koyon waƙa. Ƙarfe shida ta dawo tana cewa bayanta na ɗan ciwo. Lahadi da safe aka kwantar da ita a asibiti. Talata da rana ta rasu.

Bayan kwana bakwai Abraham ya zo gaisuwa. Ya daɗe a zaune yana juya sandarsa. Da zai tafi ya ce, "Baba, ka gafarce ni, ba lokacinsa ba ne. Wata makaranta na ɗaukar malamai, Jumma'a za su rufe, kuma bidiyo suke so. Na gwada shafin sau shida. Muryarta nake bi, amma duk inda ta ce in je, sai ta ce ba ta ganina. Na ce ko kunnena ne."

"Ba kunnenka ba ne," in ji Enoch.

Tun rasuwar bai shiga ɗakinta ba. Ranar ya shiga. Ya duba teburi, ya duba cikin Littafi Mai Tsarki, ya zazzage jakar da aka dawo da ita daga asibiti. Takardar tana cikin aljihun gefe, a ninke, tare da ɗankwalin.

Laraba da safe ya hau mota zuwa Durumi. Nazeer, wanda suke aiki teburi ɗaya da ita, ya karɓe shi a tsaye. Ya karanta layukan huɗu sau biyu, ya ce cikin ladabi, "Baba, mun gwada wannan wajen. Ni da kaina na gwada, lafiya lau."

Enoch bai yi musu ba. Ya ciro ɗankwalin ya ce, "Zauna, ɗana."

Ya ɗaure masa ido yadda aka ɗaure masa. Muryar Magdalena ta cika ofishin, kowa ya bar abin da yake yi. Ta ce dama, Nazeer ya matsa dama. Ta sake cewa dama. A karo na uku kafaɗarsa ta bugi bango. Ya kwance ɗankwalin, ya riƙe shi a hannu, bai kalli kowa ba. Gyaran bai kai minti ashirin ba.

Kafin Enoch ya tafi, Nazeer ya tambaye shi ko a sauya muryar da ta wani, in jin ta zai yi wa iyalin nauyi. Enoch ya yi tunani, ya ce a bari. Ba don kansa ba, shi bai ƙara buɗe shafin ba.

Alhamis Abraham ya ɗauki bidiyonsa, minti biyu da daƙiƙa hamsin, fuskarsa a tsakiya daga farko har ƙarshe. Ko za a ɗauke shi aikin, har yanzu ba a ji ba.

Kayan sawarta Alice ta raba wa zumuntar mata. Sauran magungunan aka mayar asibiti. Kwamfutar ta kamfani ce, an kai musu. Littafin waƙoƙinta yana wurin mai kiɗan coci. Takardar sujadar Enoch ya ajiye a cikin tsohuwar jakar taswirorinsa. Ɗankwalin kuwa Nazeer ya roƙa, Alice ta wanke ta goge aka kai masa. Yana rataye a ƙusa kusa da teburinta, kuma duk wanda ya ƙara wani abu a shafin sai ya ɗaura shi ya gwada kafin a saki.