Gurbin da Na Bari a Rumbu

Shekarar da mijina malam ya rasu, ɗana na fari da ke zaune a Kankiya ya kawo mini ɗiyarsa nan gida Kusada. Ya ce ta ƙarasa sakandare a nan, ta riƙa ɗebe mini kewa. Sunana aka sa mata, don haka takwara nake ce mata, ita kuma ta ce mini Kaka. Ban nuna murna ba. Na ce masa ni da tsufana ba zan iya gadin budurwa ba. Amma tun ana saura kwana biyu su zo na share ɗakin da ke kallon nawa, na turara shi. Gidan ya yi mini yawa. Duk tsawon takaba, ƙadangare in ya gilma a kan katanga sai in ɗaga kai, ina tsammanin mutum ne.

Yarinyar ba ta da ƙiwa. Tana shara, tana ɗebo ruwa, ba a tashinta salla. Cutarta guda ce: waya. Wata tsohuwar wayar ubanta ce mai tsagaggen gilashi, duk ranar kasuwa sai ta kai wa masu tura fina-finai su cika mata ita. Akwai na Indiya da aka juya da Hausa, akwai namu na gida waɗanda ba su ƙarewa, akwai na wata ƙasa mai nisa inda kullum mutum biyu ke tsaye cikin ruwan sama suna kuka.

"Kaka, zo ki gani, yau zai gane ita ce ta cece shi!"

"In ya gane, zuwa zai yi ya surfa mana gero?"

"Ke dai Kaka ba ki da tausayi."

"Ina da shi. Ba a gilashi nake zubar da shi ba."

In tana daka sai ta riƙa maimaita abin da ta kalla. Baki guda, mutum biyar: saurayi, budurwa, uwa mai masifa, attajiri mai tumbi, har da direbansa. Ni ina ɗaki da carbi, fuska a murtuke, amma carbin ya daɗe da tsayawa a hannuna. Ban taɓa bari ta sani ba.

Daga baya ta soma rubutu. Ni ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na san bambancin rubutun makaranta da wancan. In na makaranta ne, tana tauna biro tana hamma. In wancan ne, leɓenta na motsi, ta yi dariya ita kaɗai, wani lokaci ta share ido da gefen hijabi.

A bayan madafi akwai rumbunmu, na ƙasa, bakinsa a sama, da murfin jinka, sai da tsani ake shiga. Tun ina amarya uwar mijina ta kafa mini doka: ba a magana a cikin rumbu. Ka yi bisimilla, ka ɗauki daminka, ka fito. Ta ce hatsi na ji, surutu na korar albarka. Malam ya riƙe wannan har ya koma ga Allah, ni ma na riƙe. A shekarar kuwa gonarmu ta hanyar Kaikai ta yi kyau, dammunan gero sun kusa kai wa wuyan rumbun.

Bayan kaka na lura takwara na ɓacewa tsakanin azahar da la'asar. Hijabinta na rataye a ƙusa, takalmin fitarta na ƙofar ɗaki, ke nan ba ta bar gidan ba. In ta bayyana sai in ga tana sosa wuya da hannuwa, ƙaiƙayi a gashinta. Na zuba mata ido. Ni ba mai tambaya ba ce sai na gani da idona. Na zaci tsintar gero take yi ta kai wa masu fina-finan, na ƙudurta ranar da zan kama ta.

Ran nan, cikin zafin bazara, na zagaya bayan madafi neman kaza mai kwanci. Sai na ji muryar namiji daga cikin rumbu, ƙasa-ƙasa, yana cewa ko za a yanka shi ba zai rabu da ita ba.

Ban san lokacin da taɓarya ta zo hannuna ba. Gwiwoyin nan da ke gardama in zan tashi daga tabarma, su suka hau tsani ba tsayawa. Na ture murfin, na leƙa.

Ita kaɗai ce. Tana zaune a kan dammuna, zufa ta jiƙa ta sharkaf, littafin a cinya, wayar ta jingina ta da dami a gaban bakinta.

"Ina yake?"

"Wa, Kaka?"

"Ƙaton da ba zai rabu da ke ba!"

Ta kalli taɓaryar, ta kalle ni, dariya ta kusa kuɓuce mata, sai ta ga fuskata ta haɗiye. Ta ce ba kowa, ita ce. Labarin da ta rubuta take karantawa a waya, kashi-kashi, tana turawa, mata na saurare. Ta yi goma, yau na sha ɗaya ne.

"Duk faɗin gidan nan ba ki samu wurin shirmenki ba sai kan abincinmu?"

"Wallahi na gwada ko'ina. A tsakar gida zakara, awaki, injin niƙa, babura. A ɗaki kwanon rufi na maido da murya kamar cikin rijiya. Nan kuwa gero na shanye amo, Kaka. Murya na fita tas."

"Fito."

Ban dake ta ba. Da ma dukan na yi, da ta yi kukanta an wuce wurin. Tsanin na ja na kai ɗakina na kwantar da shi bayan gado, na aika wa ubanta ya zo. Da ya zo ya durƙusa, na ce masa, "Zo ka ɗauki ɗiyarka, ni na gaza."

Abin da nake nufi shi ne ya yi mata faɗa a gabana, ta ba ni haƙuri, in ja rai kwana biyu in sauko. Amma ɗan nan ni na rene shi a kan in na yi magana ba a maimaitawa. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya ce mata ta haɗa kayanta.

Ta zo ƙofar ɗakina da jakarta ta durƙusa. "Kaka, ki yafe mini."

Na ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Bango nake kallo. Ta ɗan jima a durƙushe. Na san abin da take jira, kalma ɗaya ce, tana nan a bakina. Na ji ƙarar babur ɗin ubanta har ya sha kwanar masallaci ban faɗe ta ba.

Damina ta same ni ni kaɗai. Sau da yawa nakan auna garin mutum biyu, sai na talga in tuna. Ragowar tuwon in ba awaki. Na riƙa barin zakaran nan yana shiga har ɗakina, abin da ban taɓa yarda da shi ba, don dai in samu wanda zan kora.

Akwai wata Bafulatana daga wajen Mawashi da ke kawo mini nono, takan sauke ƙwaryarta a zaurena ta huta. Wata rana ina cikin zuba nono a kwano, sai na ji muryar ƙaton nan na fitowa daga ƙullin zanenta.

"Mi ke nan?"

"Labari ne, Inna. In kashe?"

"Wa ya ce ki kashe?"

Ta ce duk matan rugarsu na jinsa, in suna kaɗa mai sai a ajiye wayar a tsakiya. Amma mai labarin ta yi musu rashin kirki: ta kai saurayin bakin gulbi, ruwa ya cika, budurwar na tsallake, sai ta yi shiru tun bazara. "In na san gidansu, Inna, da kaina zan je in ja mata kunne."

Na ce, "Wata ƙila ba laifinta ba ne."

Ban gaya mata komai ba. Na dai ɗauko rediyon malam, irin mai cin memori, na ce ta sa a zuba mini. Mako na zagayowa ta kawo.

Na ji kashi goman nan ban san adadi ba. Labarin dai na yara ne, so da kuka da attajirin da ba ya tsoron Allah. Ba shi ya riƙe ni ba. Rumbuna nake ji. A kashin farko muryarta na kusa, a dunƙule, kamar bakinta na jikin kunnena: lokacin gero na wuya. Zuwa na bakwai ta soma ɗan yin amo, don mun ci mun sauko. A na goma kana jin bangon ƙasa na amsa mata. Ko ba a gaya mini ba, zan iya faɗin dami nawa suka rage ranar da ta karanta kowane kashi. Gaskiyarta ce, gero na shanye amo.

Albarkar kuma da na kore ta a kanta, geron nan ya kai ni har sabo ya shigo, da saura. Wannan ma ban gaya wa kowa ba sai yanzu.

Da aka kawo amfanin sabuwar shekara na fito da tsanin, na tsaya a kan masu jera dammuna. Na ce su bi bango su zagaye, su bar gurbi a tsakiya daidai shimfiɗar darduma.

Babbansu ya ce, "Iya, ba haka ake jerawa ba, wuri zai tafi a banza."

"Rumbun ubanka ne?"

Aka jera yadda na ce.

Na shiga mota zuwa Kankiya, tafiyar da rabona da ita tun malam na da rai. Uwarta ta yi ta hidima, an kawo ruwa, an kawo abinci. Takwara ta shigo ta durƙusa can nesa, ta gaishe ni gaisuwar baƙuwa, cikakkiya, babu ko tsokana ɗaya a ciki. Wannan ladabin ya fi zagi zafi.

Na jira uwar ta fita. Na ce, "Har yanzu kina shirmen?"

"Na daina, Kaka. Gidan nan ƙannena ba su barin mutum. Ga jarrabawa."

"Gero ya shigo. Na sa an bar gurbi a tsakiya." Ta ɗago kai. Na gyara mayafina. "Mutumin nan da kika tsayar a bakin gulbi tun bazara, ai ko icce ne ya gaji."

"Kaka! Kin saurara?"

"Kunne na da murfi ne?"

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa, ban san dariya take ko kuka ba, ban kuma tambaya ba. Ta ce in sun gama jarrabawa za ta zo. Da ubanta ya raka ni tasha na ɗan taɓa masa maganar komawarta. Ya ce an riga an mai da ita makarantar Kankiya, in ta gama kuma Katsina za ta wuce karatu. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa. Na ce Allah ya taimaka. Ni na ce ya ɗauka, ya ɗauka.

Na dawo na jira. Ban taɓa geron ba, don kada ta zo ta tarar ya sauka. Akwai dawa a buhu cikin ɗaki, ita na yi ta ci, ni da tuwon dawa ke tsaya mini a ƙirji. Wata uku.

Wata Asabar da hantsi ta yi sallama. Ban bari ta zauna ba. Na kife zakara da kwando a can zaure, na lulluɓe shi da buhu. Na zuba wa awaki harawar kwana biyu. Na leƙa katanga na ce wa maƙwabciyata ta ajiye taɓarya. Sannan na ɗauki sanda na tafi wurin mai injin niƙa na tsaya a gabansa.

"Iya, lafiya?"

"Kashe."

"Ga layi, Iya. Sai yaushe?"

"Sai na aiko."

Ya kashe. Shekara da shekaru mutanen unguwar nan na shakkar fuskata, ranar ce kaɗai na ga ta yi mini amfani.

Na dawo na zauna a gindin tsani. Ba na jin kalmomin sosai, sai gunji kaɗan ta cikin ƙasar rumbun, namiji, mace, namiji. Tari ya taso mini, na cusa mayafi a baki har idona ya kawo ruwa. Kashi uku ta yi a zama ɗaya. Ta fito tana sosa wuya, na sa ta sauko mini da dami guda, na yi mata furar geron.

"Kaka, ya tsallake."

"Da ni ce, da sai ya ƙara kwana bakwai a bakin ruwan. Ya cika surutu."

"Shi ya sa ba ke aka ba biron ba."

"Ja'ira."

Kafin la'asar sakaliya ta tafi, don kada mota ta ƙare. Na raka ta har bakin titi, abin da ban yi ba wancan karon.

Yanzu tana Katsina. Ta ce akwai wani ɗaki da aka manna wa katifa a bango, can take karatun labaranta, ba ƙaiƙayi ba zufa. Takan kira ni ranar Juma'a a wayar maƙwabciyata. Ba ta sake shiga rumbun ba, ban kuma ce ta shiga ba.

Masu jera dammuna sun daina tambayata, da kansu suke barin gurbin. Tsakanin azahar da la'asar nakan ɗauko rediyon malam in zauna a inuwar rumbu in sa kashi ukun nan na ƙarshe. A cikinsu muryarta ta fi kusa.