Akushin da Na Mayar

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa ba su tafi ba, ina malamin elementare a Kiru. Lokacin ina sabon ango, ga farar riga, ga alƙalami a aljihu wanda ko ba zan yi rubutu ba sai na maƙala shi don a gani. Gani nake duk ƙasar Kiru babu wanda ya kai ni Turanci, alhali Turancin nawa bai wuce littafin aji huɗu ba.

Ina da aboki wanda gidansu ke kallon namu. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi karatun allo, daga baya aka kai ni boko shi kuma ya tsaya a gona. Tun muna yara ciyayya muke yi, kullum bayan magariba kowa ya fito da akushinsa mu haɗa mu ci. Da muka yi aure ma ba mu fasa ba. Shi ke tsallakowa ƙofar gidanmu saboda mu ke da dakali, kuma in faɗi gaskiya miyar matarsa ta fi ta gidana, don haka ban taɓa ƙorafi ba. Duk gari Malam ake ce mini, ban da shi. Wani sunan tsokana yake kirana da shi tun na yarinta, wanda ba zan faɗa muku ba ko za ku kwana kuna roƙo.

Ana nan sai siyasa ta shigo. Abokina ya shiga jam'iyyar da masu sarauta ba sa ƙauna, har ya zama shi ke tara mutane ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki. Wata rana hedimasta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce maganata ta kai gidan hakimi, wai kullum ana ganin hannuna cikin akushi ɗaya da ɗan adawa. Ya ce mai aikin hukuma ba ya haka, in zaɓa, ko aikin ko mutumin.

Da na je na faɗa wa abokina gaskiya, na san da ya fahimta. Amma ban faɗa ba, sai na shiga zille-zille. Yau in daɗe a masallaci, gobe in ce ina duba littattafan yara. Shi kuwa bai fasa zuwa ba. Sai ya ajiye akushinsa a kan dakali ya zauna yana jira, ina cikin gida ina jin tarinsa. Mahaifiyata ta yi ta ce mini in fita, tuwon mutum yana hucewa. Wani lokaci in fita in ci loma biyu ina waige-waige, wani lokaci in yi kamar ban ji ba.

Ranar da abin ya faru, wani bafaden hakimi ne ya zo wai in karanta masa wasiƙa. Na karanta, amma ya ƙi tafiya, har muka dawo daga sallar magariba yana biye da ni. Ya hau dakali ya miƙe ƙafa. Na san abin da yake jira. Can sai ga abokina da akushi a hannu. Ya yi sallama, ya gai da bafaden, ya ajiye ya ɗaga faifai, ƙanshin miyar kuka ya tashi. Ni kuwa na ɗauki faifan na mayar na rufe, na ɗaga akushin na miƙa masa.

"Na ƙoshi. Ka mayar."

Ya dube ni, ya dubi bafaden, ya sake dubana. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

"To, Allah Ya ba mu alheri," in ji shi, ya tsallaka gida.

A wajenmu ba a mayar da abinci ba a taɓa ba. Ko ka ƙoshi har wuya sai ka sa hannu ka ɗebi loma, ko da daga gidan wanda kuke gaba da shi aka kawo. Na san haka sarai. Mahaifiyata tana zaure ta ji komai. Da na shigo abu ɗaya ta ce, wai ita ba ta san ta haifi mai mayar da tuwo ba. Kwana uku in na gaishe ta, daga "lafiya" ba ta ƙara komai.

Aiki dai ya tsira. Ƙarshen shekara Bature mai duba makarantu ya rubuta a takardata cewa ni loyal ne. Hedimasta ya nuna mini, kaina ya yi girma. Don in nuna ina da ilimi na tambaye shi bambancinta da faithful, tunda duk aminci muke fassara su. Ya ce ta farko ta mai tsayawa bayan shugabansa ce ko ɓangarensa, ta biyu kuwa ta wanda ba ya canzawa a kan abin da ke tsakaninsa da mutum, ko ana kallo ko ba a kallo. Ya ce a aikin hukuma ta farkon ake nema. Washegari na rubuta wa 'yan aji wannan a allo, ko kunya ban ji ba.

Bayan kaka abokina ya kwashe iyalinsa ya koma Doguwa wajen kawunnansa. Sai da ya bari na tafi makaranta sannan ya shiga ya yi wa mahaifiyata sallama.

Shekara bakwai na yi kafin na iya zuwa. Na hau babbar mota zuwa Tudun Wada, daga nan na ari keke. Ya karɓe ni hannu biyu, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure, ya yi mini ta'aziyyar mahaifiyata har da hawaye. Da na fara ba shi haƙuri sai ya tare ni.

"Haba Malam, ai ya wuce. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan an gama. Bayan magariba ya fito da akushi da ruwan wanke hannu ya ajiye a gabana. Ƙanshin miyar bai canza ba. Na matsa gefe na ba shi wuri.

"Bismillah Malam, a ci a ƙoshi," in ji shi, ya fita ya bar ni, yadda ake yi wa baƙo mai daraja.

Na jima ban sa hannu ba. Ina jin su a waje shi da maƙwabtansa sun haɗa akusa suna ci suna dariya. Na ci ni kaɗai, kuma na cinye tas don kada ya koma da saura.

Ya yafe mini, ban taɓa shakkar haka ba. Bayan nan mun yi ta gaisawa har Allah Ya yi masa rasuwa, amma hannunmu bai sake haɗuwa a akushi ba, kuma laifina ne ba na siyasa ba. Takardar Baturen gara ta cinye ta tun tuni. Yanzu na tsufa, 'ya'ya da jikoki da duk gari Malam suke ce mini. Wancan sunan na yarinta kuwa, tun ranar da na miƙa masa akushinsa ban sake jin sa a bakin kowa ba.