Likitar da ta ƙi karɓar ƙaryata

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, wata ma'aikaciyar jinya da muke gaisawa ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi ranki, Likita, bayan jinyar mako uku. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa za mu tarar da ke. Na daɗe riƙe da wayar kafin na iya gaya wa maigidana.

Shekara shida ke nan da sanina da ke, kuma ranar farko ba ki kwanta mini a rai ba. Ba ki iya doguwar gaisuwa ba, tambaya kike jefowa kamar alƙali.

Da safiyar ranar mun yi faɗa da maigidana a kan abin da yanzu ko tunawa ba na yi. Ƙarfe bakwai da rabi yara suka tafi makaranta, na ɗauki jaka na tafi gidan ƙanwata ba tare da na yi masa sallama ba, na kuma kashe ƙarar wayata don kada ya dame ni. Sai ɗaya da rabi na dawo. Na same shi kwance a ƙasa kusa da teburin da yake aikin kafinta, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Yana kallona yana son magana, kalma ta ƙi fitowa.

Yayansa ne ya kai mu asibiti. A ɗakin gaggawa kika ɗaga hannuwan maigidana biyu kika saki, na dama ya faɗo. Kika tura shi ɗaukar hoton kai, sannan kika juyo kika tambayi lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya. Yaya na tsaye a gefena, mutumin da tun asali yake ganin ba na kula da ƙanensa. Na ce yanzu-yanzu ne, muna tare abin ya faru.

Hoton ya nuna babu jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa. Kika ce gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma akwai allurar da ke narkar da shi, amma sai in ba a wuce awa huɗu da rabi da farawar ciwon ba. Aka kawo allurar, ma'aikaciyar jinya ta fara haɗawa. Ina tsaye ina kallon hannunta.

Har yau ban san abin da kika gani a fuskata ba. Kika ce wa Yaya ya je ya buɗe wa ƙanensa kati, ni kuma kika ja ni bayan labule.

"'Yar'uwa, in lokacin ya wuce, allurar nan za ta iya jawo zubar jini a kansa ya rasu a gabanmu," kika ce da ƙaramar murya. "Ban tambaye ki inda kika je ba. Ƙarfe nawa kika gan shi lafiya?"

Na ce bakwai da rabi. Kika dubi agogo, uku saura minti goma. Kika leƙa kika ce a dakata da allurar. A nan na gane cewa ƙaryata ta kusa kashe shi, gaskiyata kuma za ta bar shi da shanyayyen jiki.

Da wani likitan ne, da nan zai tsaya, kuma babu mai ganin laifinsa. Ke kuwa kika ci gaba da tambaya: maƙwabci bai gan shi ba, mai ba shi aiki bai zo ba, bai kira kowa ba? Na ciro wayata. Kiransa uku ne ban ɗauka ba, ga kuma saƙon murya da ya aiko sha ɗaya da minti goma. Kika kara wayar a kunnenki kika saurara sau biyu, kina neman ko harshe ya yi nauyi. Yana cewa, "Maman yara, fushin ya isa haka, ki dawo gida." Kowace kalma ta fita tas. Kika ce ashe a lokacin lafiyarsa ƙalau, saura minti hamsin ke nan, kika fita da sauri aka yi masa allurar.

Kafin magariba yatsunsa suka motsa. Washegari ya kira sunana, ko da yake a karkace. Wata huɗu muna zuwa gashin ƙashi, duk sanda kika gan shi sai kin tsokane shi cewa ba za ki yarda ya warke ba sai ya gyara kujerar ofishinki mai gurguwar ƙafa. Ya gyara ta. Ke ce kuma kika hana shi wasa da maganin hawan jini, da faɗan da ni ban isa in yi masa ba.

A duk shekarun nan ba ki taɓa tayar da maganar bayan labule ba, ko da ido. Yaya har gobe yana faɗa wa dangi cewa saurin da na yi ne ya ceci ƙanensa, ni kuma ina sunkuyar da kai ina karɓar yabon da ba nawa ba. Muddin kina raye na sami wurin ɓuya. Yanzu kin tafi, ba zan iya ci gaba da cin haƙƙinki ba. Yaya, in ka karanta wannan, ba na gida ranar. Na bar ƙanenka a ƙasa, ban san tsawon lokacin ba, na kuma yi ƙarya a gabanka. Wannan baiwar Allah ce ta ƙi karɓar ƙaryar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da mijinki, da 'ya'yanki biyu, da abokan aikinki. Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Likita, Ya haskaka kabarinki, Ya sauƙaƙa miki tambaya. Ya rufa miki asiri ranar da babu labulen da za a ja kowa bayansa.