Zuwa Kaduna Don Hana Auta Tafiya Japan

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da Baba, daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau zuwa Kaduna. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ke nan. An kwana ana ruwa, farin tururi ya kwanta a kan gonakin auduga har mutum bai san inda gona ta ƙare sama ta fara ba. Baba yana gaba da jakarsa ta fata, ina biye da shi da ƙunshin daddawa da kuka da Inna ta ba mu mu kai wa ɗanta.

Ɗan nata shi ne ƙanena, autanmu, wanda shekara huɗu ke nan yana aiki a masaƙar zamani a Kaduna. Ya aiko da wasiƙa cewa an zaɓe shi a kai shi Japan ya koyo gyaran injuna, amma ba zai taka jirgi ba sai Baba ya sa masa albarka. Ya ƙara da cewa ubangidansa a wurin aiki, mutumin Japan ne, yana so ya zo ya gaida Baba. Ni na karanta wasiƙar, don ni ne malamin makaranta a gidan. Baba ya saurara har ƙarshe. Shi masaƙi ne tun kaka da kakanni, kuma tsohon soja ne. Yana saurayi aka kwashe su zuwa ƙasar Bama, can bayan Indiya, suka gwabza da Japanawa a cikin daji. Bayan kwana uku ya ce in nemi izini wurin hedimasta, za mu je ya ɗauko ɗansa. A rumfar saƙarsa wurin zama biyu ne, ɗaya ba kowa tun da Auta ya tafi.

Motar katako ta kai mu Zariya, muka shiga kiya-kiya. Yaron mota ya faɗi kuɗin da naira, Baba ya sa aka maimaita masa da sule, don har yau bai yarda da sabon kuɗin nan ba, kamar yadda bai yarda da tuƙi ta hannun dama ba. Duk motar da ta tunkaro mu sai ya yi salati a hankali. Hanyar tana da kwalta, amma manyan motoci sun cinye gefenta. Muna ta wuce tireloli ɗauke da siminti da rodi da wasu akwatuna masu rubutun da ni kaina, da duk bokona, ban iya karantawa ba.

Ba mu yi nisa ba gardama ta kaure tsakanin wani ɗalibi mai tarin gashi da wani Alhaji mai fataucin goro. Ɗalibin ya ce a Rasha masana'antu duk na gwamnati ne, ba maigida ba bara. Alhaji ya ce abin da ba shi da mai shi, wa zai yi sammako ya buɗe shi? Shi dai a ba shi tsarin Amurka, kowa da shagonsa. Ɗalibin ya ce kuma kowa da yunwarsa. Wata mata mai kwandon kaji ta tambaya ko a cikin ƙasashen biyu akwai inda kananzir ke da araha. Suka juyo wurin Baba ya raba gardama a matsayinsa na dattijo, suka tarar ya rufe ido. Na san ba barci yake ba. Da muka zo wajen barikin soja na Jaji ya miƙe zaune tsaf, ya matso kusa da kunnena.

"Malam, in Auta ya kawo mini mutumin nan, ba zan ba shi hannu ba. Zai miƙo, in bar shi a tsaye, kowa ya gani."

Ya zura hannayensa biyu cikin aljihun babbar riga, yana gwada yadda zai yi. Dariya ta zo mini na haɗiye ta. Gaskiya zuciyata rabi da rabi ce. Ina so Auta ya ga duniya, ina kuma tausayin tsoho.

A Katabu muka tsaya, muka ci dafaffiyar masara mai zafi, muka kora da fura da nono. Daga nan sai Kawo, sai Kaduna ta buɗe a gabanmu da faffaɗan titunanta da itatuwan mangwaro jere a gefe, ruwan jiya yana ɗiga daga ganyensu. Auta yana jiranmu a tasha. Ya yi ƙiba kaɗan, ya sa agogo, amma ya durƙusa har ƙasa cikin taɓo ya gaida Baba. Ɗakinsa na haya yana Unguwar Shanu, a gidan wata nas mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta tarye mu da kunun gyaɗa, ta ce Baba baƙon gida ne gaba ɗaya, ba na Auta kaɗai ba. Ba wanda ya ɗauko zancen Japan.

Bayan azahar muka shiga Babbar Kasuwa. Ni ban taɓa ganin duniya ta taru wuri ɗaya haka ba. Ga kwanonin sha na Sin, ga kekunan ɗinki na Ingila, ga rediyoyin Japan kowace tana tata waƙar, ga atamfofi an jibge su har rufi, masu zanen agogo da jirgin sama da fanka. Baba yana tafe yana shafa yadi, ya murza tsakanin yatsu, wani lokaci ya kai hanci. Wanda Auta ya ce na masaƙarsu ne, Baba ya daɗe riƙe da shi yana neman aibu. Da bai samu ba sai ya ajiye, ya tambayi inda ake sayar da saƙi na hannu. Sai da muka tambayi mutum huɗu kafin aka nuna mana wata rumfa a can ƙurya, wani tsoho yana gyangyaɗi a kan gwadunan da ba mai tayawa. Baba ya yi masa sallama, suka gaisa kamar masu gaisuwar mutuwa, muka wuce.

Da la'asar Auta ya kai mu bakin kogi, kusa da gada. Ruwan ya cika, ja wur, yana tafiya a hankali. A ƙetare ana hango rufin masaƙu da hayaƙinsu yana narkewa cikin gajimare. Jiniya ta yi kuka, jim kaɗan sai ga ma'aikata a kan kekuna suna kwararowa ta gada, ba iyaka, hasken yamma yana wasa a kan ƙafafun kekunan. Baba ya ƙi ƙetarawa. Ya zauna a kan dutse, ya fara magana kamar shi kaɗai. Ya ce sun yi kwanaki a jirgin ruwa ba su ga ƙasa ba, har ya ɗauka duniya ta ƙare an manta da su. Ya ce a dajin Bama ruwa ba ya ɗaukewa, takalmi yana ruɓewa a ƙafar mutum, kuma abokin gaba ba a ganinsa, sai dai a ji ganye ya motsa. Ya ce akwai wani ɗan Katsina da suke cin abinci a kwano ɗaya, wata safiya ya tafi ɗebo ruwa. Nan Baba ya katse labarin. Tun da nake ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba, kuma ya taɓa ni ƙwarai.

Washegari da hantsi baƙon ya iso. Baba ya riga ya hakimce a kan tabarma, hannaye cikin riga, fuska ba annuri. Mutumin siriri ne, mai tabarau, bai girme ni sosai ba. Tun daga bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa ya jera su. Ya shigo, ya sunkuya, sannan ya durƙusa a gefen tabarma, tafukansa a kan gwiwa, kansa ƙasa da na Baba. Hannu kam bai miƙo ba. Ashe su ba su yin musabaha. Baba ya jira, ya jira, hannun da ya shirya ƙi tun daga Jaji bai zo ba. Ga mutum durƙushe a gabansa, shi kuwa dattijo ne, bakinsa ya riga shi.

"Sannu, sannu. Tashi mana, hau tabarma."

Na juya na dubi bango don in ɓoye dariya.

Baƙon ya yi gaisuwa da 'yar Hausarsa, sauran Auta ya fassara. Baba ya ga dabara ta farko ta rushe, sai ya laluba jakarsa ya fito da zare, ya tsinka shi biyu, ya jefa a gaban mutumin. Haka yake gwada duk wanda ya ce ya iya saƙa. Mutumin ya ɗauka, yatsunsa suka yi motsi sau ɗaya, ya miƙa da hannu biyu. Baba ya rufe ido ya ja zaren tsakanin yatsunsa, ya sake ja. Ƙullin masaƙa ne, irin wanda ba ya sarƙewa, irin wanda kakanmu ya koya masa.

"Tambaye shi wa ya koya masa. Inji ba ya koya wannan."

Auta ya tambaya. Mutumin ya ce uwarsa ce. Da saƙar hannu ta raine shi a ƙauyensu, don ubansa ya tafi yaƙi yana goye, bai dawo ba, ba su ma san ƙasar da ya kwanta ba. Auta ya fassara wa Baba. Can Baba ya ce, "Gaya masa ni ma na tafi. Ni na dawo." Mutumin ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Baba ya tura masa kwanon kunu.

Har muka isa tashar Kawo Baba bai yanke hukunci a kan tafiyar Auta ba. Sai da direba ya tayar da mota, Auta yana durƙushe a bakin ƙofa, Baba ya ɗora masa hannu a ka.

"Ni ranar da aka ɗauke ni, ba wanda ya zo ya tambayi ubana. Kai an zo har tabarmata. Je ka, Allah Ya yi maka albarka. Ka riƙe salla."

A hanyar dawowa ba gardama, hadari yana binmu a baya har Zariya. Ina ta tunanin yadda abu ya juya a cikin rayuwar mutum ɗaya. Waɗanda aka tura Baba ya harba, yau su ke koya wa ɗansa sana'ar gidanmu. Ni da nake koya wa yara taswirar duniya, a wannan tafiya na gane manyan ƙasashe suna shirya yaƙinsu da cinikinsu can nesa, amma a ƙananan gidaje irin namu da irin na tsohuwar can ta Japan abin ke sauka. Na kuma gane ban san ubana ba yadda nake zato.

Mun isa gida kafin magariba. Inna ta leƙa bayanmu, ta ga ba Auta, ba ta tambaya ba. Da safe kafin in tafi makaranta na biya ta rumfa, na tarar Baba yana kwance kayan saƙar Auta. Na zaci murhu za a kai itacen. Sai na ga ya shafe kowane da man kaɗanya, ya naɗe ƙoshiyar jefa zare a tsumma, ya ɗaure su wuri ɗaya. Ya ce in hau in rataye masa a saman ɗaki, inda gara ba za ta kai ba. Na hau na rataye. Ya koma wurinsa ya zauna, ya ci gaba da saƙa shi kaɗai.