Jan Bargo a Saman Bene

A unguwarsu ba wanda ya san shi da wani suna sai Kyaftin. Har mai kanti da mai gyaran famfo haka suke kiransa, yau ma da ba ya tuƙa komai sai tsohuwar motarsa. Mutum ne dogo, mara son magana, wanda in ka gaishe shi sau biyu a yini sai ya dube ka kamar ka zo da rigima. A jirgin sama ya yi ƙuruciyarsa, a cikinsa ya yi furfura. Abokan aikinsa kan ce in Kyaftin ya sauke jirgi, mai barci ba ya farkawa sai an taɓa shi.

Gidansa bene ne a bayan katangar filin jirgi, daidai saitin tsohon titin sauka. Matarsa ce ta zaɓi wurin. Ta ce tunda mijinta ba ya zaman ƙasa, gara ta zauna inda zai riƙa wucewa ta kanta. Kofuna na karkarwa a kabad in jirgi ya gifta, baƙi na toshe kunne, ita ko a jikinta.

Duk ranar da zai dawo, sai ta hau saman bene ta shanya wani jan bargo a igiya, ta tsaya gefensa tana ɗaga hannu. Shi kuwa in sama ta yi garau, bayan ya duba na'urorinsa, sai idonsa ya nemi jan nan. In bargon ya zo daidai hancin jirgi, to titi na gabansa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Shi da ke yi wa ƙananan matuƙa faɗa su amince da na'ura fiye da idonsu, da wane baki zai faɗi wannan?

Sai ciwo ya kwantar da matar, rai ya yi halinsa. Yana can yana jinyarta aka rufe tsohon titin don gyara, aka mai da sauka sabon titi da ke gefensa. 'Yarsu tilo ta dawo gidan don ta kula da shi, ta yi ta roƙonsa ya huta, ya ƙi. Shirun gidan ya fi ƙarfinsa, ya koma aiki.

Ranar da zai dawo daga tafiyarsa ta farko, an gaya masa sabon titi zai sauka. Ya karanta a takarda, mai hasumiya ya faɗa masa ta rediyo, ya maimaita da bakinsa. La'asar ce sakaliya, ba gajimare ko ɗaya. Ya yi niyyar ba zai dubi gefen gidan ba, don ya san ba kowa a saman. Amma sabo turken wawa, ido ya je da kansa. Sai ga jan bargo yana kaɗawa a igiya, ga mace tsaye gefensa ta ɗaga hannu.

Bai san sa'ad da hannunsa ya karkata jirgin ba. Mataimakinsa, wanda Kyaftin ne ya koya masa aikin, ya ce “Kyaftin, anya kuwa,” ƙasa-ƙasa, irin maganar ɗalibi da malaminsa. Kafin ya ɗaga murya taya ta taɓa tsohon titi. Leburori suka watse, fiffike ya daki motar daɓe kwalta ya tsage. Fasinjoji sun fita lafiya, sai dai direban motar da ya yi tsalle ya karye a ƙugu. Har yau da sanda yake tafiya.

Aka kafa kwamitin bincike. Shugaban tsohon abokinsa ne, ya ja shi gefe ya yi masa magana ta gaskiya. In akwai abin da ya ɗauke masa ido, ya faɗa, sai a dakatar da shi ya sake horo ya dawo. In kuwa ya ce ba dalili, to za a rubuta cewa hankalinsa ya fara rauni, kuma wanda aka rubuta wa haka ba ya sake riƙe lasisi. Kyaftin ya san bayan jirgi ba shi da sauran komai a duniya.

Ranar zaman, 'yarsa ta nace sai ta raka shi. Ta zauna a kujerar da ke bayansa, riƙe da gorar ruwansa. Ita ce ta shanya bargon, ya sani. Ba ta san da bargon yake saitin titi ba, a wurinta gaisuwa ce kawai tsakanin iyayenta. In ya buɗe baki, to ya ɗora mata fiffiken nan da ƙugun bawan Allah har ƙarshen rayuwarta. Aka tambaye shi, aka sake tambaya. Ya ce ba abin da ya gani, kuskure ne ya yi. Shugaban ya daɗe yana kallonsa kafin ya sa hannu, bakin alƙalami ya bushe.

Tun daga nan Kyaftin ya zama mai zaman falo. Kakinsa na rataye a bayan ƙofa cikin ledar mai wanki. Ba a sake buɗe tsohon titin ba, jirage suka koma bi ta can nesa, kofuna suka daina karkarwa. Baƙin ciki ya ci shi har wando ya daina zama a ƙugunsa, kuma ba ya fita sai ya tabbata ba zai haɗu da mai sandan nan a hanya ba.

Wata rana da hantsi 'yar tana ninke kayan mahaifiyarta a gabansa, ta zo kan bargon. Ta riƙe shi a cinya. Ta ce ranar nan ita ta hau ta shanya shi, don kada ya dawo ya tarar da saman ba kowa.

“Baba, ka gan ni kuwa?”

Ya ga yadda yatsunta ke murza gefen bargon, ya gane ta fara zargin wani abu.

“Ban gan ki ba, 'yata,” ya ce. “Daga sama ba a ganin komai.”

Ta sauke numfashi, kafaɗunta suka saki. Can kuma sai idonta ya kawo ruwa.

“Ashe duk shekarun nan Mama wahalar banza ta yi.”

Ta ninke bargon, ta sa shi a ƙasan akwati, ta ɗora sauran kaya a kai.