Kitson Saje

Ranar Lahadi ce, mako ɗaya bayan sadakar arba'in ɗin Mama, shekarar da nake aji uku a firamare. Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gidanmu a Lafiya, ya jawo kujerarsa ta ƙarfe, ya ce in zauna a gabansa. A gefensa ya jera kum da kibiya da robar man kaɗanya, a layi, kamar yadda yake jera komai nasa. Tsohon soja ne, da igiya uku ya bar aiki, shi ya sa duk unguwa Saje ake ce masa. Hannun da ya shekara ashirin da wani abu yana riƙe bindiga, shi ne ya kama gashina ran nan. Na kurma ihu har kajin gida suka watse. Ya ce, "Yi haƙuri, Hajo, ni ma yau na kama aikin."

Ba don sha'awa ya kama ba. Bayan rasuwar Mama, Gwaggo Talatu, yayarsa da ke Doma, ta ce namiji ba ya riƙon 'ya'ya mata. Ita za ta tafi da ƙanwata Rabi, ni kuma a kai ni gidan wani kawunmu. Baba ya ce ba za a raba mu ba. Ta kama kaina ta juya shi gabansa, gashi duk ya cukurkuɗe, ta ce, "Audu, dubi nan. Tuwo ka iya, wanki ka iya, wannan fa?" Ta ba shi zuwa hutun makaranta. In ta dawo ta same mu a haka, ba sauran magana.

A makarantarmu kowace Juma'a ake sanar da kitson da 'yan mata za su zo da shi ranar Litinin, wadda ba ta yi ba kuma ta sha bulala a asambili. Makon nan shuku aka ce. Abin da Baba ya ɗora mini ya fi kama da sheƙar tsuntsu. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Malama ta ɗaga bulala ta tambayi wanda ya yi mini wannan aika-aika, na ce babana ne. Ta sauke bulalar, ta ce in koma layi.

Da na koma gida na ba Baba labari. Washegari ya sa wankakkiyar rigarsa ya tafi rumfar Maman Joy, wata 'yar ƙabilar Eggon mai kitso a bakin titinmu, ya ce ya zo koyo. Matan rumfar suka ɗauka wasa yake. Ita kuwa ta juya tafin hannunsa ta ce, "Oga soja, wannan hannu na fasa dutse ne fa." Amma ta ba shi kujera. Sati uku yana zuwa kullum bayan la'asar. A gida ya ɗaura zaren buhu a jikin ƙusa yana gwaji. Ko mun je gonarmu ta Adogi ranar Asabar, mu muna tsintar agushi, in ya zauna hutawa tsakanin kunyoyin doya sai ka ga yatsunsa suna kitsa ciyawa. Abokan majalisarsa ba su ƙyale shi ba. Wani ya ce, "Saje, yaushe za mu kawo maka zani da ɗankwali?" Ya ce, "Kawo kanka tukuna, in da sauran gashin da za a kama." Mutumin sanƙo gare shi har ƙeya.

Sannu a hankali hannun ya faɗa. Tsagarsa kuwa, ko Maman Joy ta sallama masa, don layin yakan fita sambal tun daga goshi har wuya. Lahadi ta zama ranar da muka fi so. Mu yi shara, mu cika randuna daga rijiya, mu tsefe kai mu wanke, sai a zauna. In yana kan Rabi, ni ina gefe ina 'yar carafke ko ina ɓare gyaɗar miya. Yana kitso yana tambayarmu karatu, wadda ta kuskure ya ɗan ja mata kunne da bayan kum. Labarin yaƙi ne kaɗai bai taɓa ba mu ba. Akwai wani dogon tabo a damtsensa, in na tambaya sai ya ce, "Miƙe wuya, za ki karkata mini layi."

Da hutu ya zo Gwaggo ta iso da babbar jakar da za ta zuba kayan Rabi a ciki. Ta duba kawunanmu ɗaya bayan ɗaya, ta bi tsaga da farce, ta ɗago ta ce, "Audu, wace mata kake ɓoye mana?" Baba ya zaunar da Rabi, ya warware kitso ɗaya, ya mayar da shi a gabanta. Gwaggo ta sunkuya ta duba shi. Can ta ce man ya yi yawa. Da yamma ta hau mota da jakarta ba komai a ciki sai doya biyar da ya saka mata.

Shekaru sun shuɗe, mun zama 'yan mata, yau kuma kwana goma sha takwas ke nan da rasuwar Baba. Da hantsi yana jan ruwa a rijiya ya dafe ƙirji ya durƙusa. Ni kaɗai ce a gida. Na fita ba takalmi na tare keken haya mai ƙafa uku, maƙwabta suka taya ni ɗaukarsa, na ɗora kansa a cinyata. Ban san hanyar asibiti tana da nisa haka ba. Ina ta kiran Baba, Baba, mai keke yana ta danna ham, kafin mu kai ƙofa na ji jikinsa ya saki. Har yanzu in keke ya yi ham a waje sai in toshe kunnuwana. Rijiyar ma Rabi ce ke zuwa.

Ana cikin zaman makoki na fara jin maganar da na sani tun ina shekara takwas: ba a barin 'yan mata biyu su kaɗai a gida, ɗaya ta tafi nan, ɗaya can. Wallahi tsoron wannan ya kusa kai na ranar da Baba ya faɗi. Wanda ya tsaya mana a da ba ya nan. Shekaranjiya kawunnai suka taru a zaure suka nemi Gwaggo ta yanke. Ta tsufa yanzu, sai da sanda. Ta ce, "Yana raye ya hana a raba su. Ba ni zan raba su yana kwance ba. A share mini ɗakin kusa da madafa, ni zan dawo."

An share ɗakin jiya. Gidan da a da ko ina kake kana jin takun Baba da muryarsa, yanzu ƙwanƙwasar sandar Gwaggo ake ji, da faɗanta kan gishirin miya. Tsoron bai sake ni ba tukuna. Amma ni da Rabi muna ɗaki ɗaya, kuma aikinsa ne, Allah ya jiƙansa.