Yadda Bahago Ya Zama Baba Na-Yafe

Duk mai son ganin basilla ta tashi sama, ya tsaya a bakin rumfar mai gyaran takalman da ke kwanar layin coci ya ce, "Baba Na-Yafe, barka da aiki." Yaran layin sun san haka, shi ya sa daga nesa suke faɗa, ƙafa a shirye. Sunan bai dace da shi ba ko kaɗan, domin a duk unguwar babu wanda ya kai shi riƙo.

Sunansa na da Bahago, kuma ba don hannu aka sa masa ba, don ƙafa ne. Yana saurayi shi ne ɗan gaban ƙungiyar matasan cocinsu. In ya ɗora ƙwallo a ƙafar hagu, gola sai ya fara addu'a tun kafin a buga. Har an soma raɗe-raɗin wata babbar ƙungiya za ta ɗauke shi, sai ga wasa da matasan wata coci ta can ƙarshen gari. Suna da wani ƙaton ɗan baya da ake kira Katanga. Bahago ya yi ta yanke shi, 'yan kallo suna dariya, har Katanga ya gaji da neman ƙwallon ya nemi mai ita. Ta baya ya shigo, da ƙafa biyu. Waɗanda ke tsaye bayan raga sun ji ƙarar ƙashin.

Ƙafar ta haɗe, amma a karkace, ta kuma gaza 'yar'uwarta tsawo. Yana kwance a asibiti Fasto ya zo dubiya da dattawa, bai gama zama ba ya ɗauko wa'azin yafiya. Bahago ya bi fuskokinsu da kallo ya ce, "Wa zan yafe wa? Ban gan shi a cikinku ba." Katanga bai zo ba, bai aiko ba, daga baya ma aka ji ya bar gari neman aiki. A kan gadon nan Bahago ya rantse cewa shi da coci sai dai ya ji ƙararrawa daga nesa, kuma babu jininsa da zai taka filin ƙwallonsu, sai ranar da Katanga ya tsaya a gabansa ya ce gafara da bakinsa.

Ya koyi gyaran takalmi saboda sana'a ce ta zaune. Rumfar tasa benci ne, da akwatin ƙusoshi, da gwangwanin gam, da tsohuwar taya da yake yanka yana yin tafin takalmi. Nasa takalmin na hagu da kansa yake ƙara masa tudu don ya rage ɗingishi. Komai yana gyarawa, silifas, takalmin makaranta, na amarya mai tsini, ban da takalmin ƙwallo. In aka kawo, da bakin basilla yake ture shi ya ce nan ba a gyaran makami.

Abin dariyar shi ne ya auri ɗaya daga mawaƙan cocin. Ran Lahadi ta kwashi yara su tafi sujada, shi kuma ya buɗe rumfa ya zaɓi aikin da ya fi bukatar guduma, ya yi ta bugu daidai lokacin waƙa. Shekaru suka tafi a haka. 'Ya'yansa maza suka girma, ba wanda ya iya tare ƙwallo ko da ta zo masa da rarrafe, kuma hakan ya yi wa uban daɗi. Sai Allah ya ɗauki ƙafar hagun nan ya ba Auta, mace, siririya, mai taurin kai irin na ubanta. Tun tana ƙarama take buga gwangwani a tsakar gida, ya ga yadda take karkata jiki kafin bugu, ya kau da kai kamar bai gani ba.

Auta na aji ɗaya a sakandare Katanga ya dawo gari, da furfura da tumbi da usur a wuya. Gidansa ya faɗo kusa da cocin layin, nan ya shiga, ba a daɗe ba aka damƙa masa ƙungiyar ƙwallon yara, maza da mata. Ya zama kocin coci. Maman Auta ce ta kawo labarin, tana ninke kaya, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Ya ba da shaida yau. Ya ce da can mugun ɗan wasa ne, ya yi ƙeta ba iyaka, amma Ubangiji ya gafarta masa."

"Ƙafar Ubangiji ya karya?"

"Baban Auta, ka ji tsoron Allah."

"Tambaya na yi. Ya ambaci sunana?"

Ta ci gaba da ninke kayanta. Ya ce, "In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba."

Auta kuwa ba ta da zance sai na ƙungiyar. Ƙawayenta sun shiga, an ba su jesi mai ɗan gicciye a ƙirji, ana addu'a kafin wasa. Suna ma da wata doka, in ji ta: in ka yi wa wani ƙeta, sai ka miƙa hannu ka tashe shi ka ce gafara, shi kuma ya ce na yafe, sauran duka su amsa da amin, sannan a ci gaba. Koci ne ya kawo dokar. Bahago ya yi wata dariya marar daɗin ji. An ba kura ajiyar nama, har tana koya wa awaki ladabi.

"Baba, zan shiga?"

"Kin san rantsuwata."

"Ni ba a haife ni ba lokacin."

"An haifi ƙafar da kike taƙama da ita. Tawa ce."

Ta yi kuka, uwar ta roƙa, yayyenta suka sa baki, har sabon Fasto, wani matashi mai yawan murmushi, ya tako zuwa rumfa. Bahago ya duba takalminsa ya gaya masa dunduniyar ta cinye, ya tambaye shi ko gyara ya kawo. Gidan ya koma kamar ɗakin jira na asibiti, kowa na zaune da kowa amma ba mai magana.

Mai gyaran takalmi ba a yi masa ƙarya da ƙafa. Wata Asabar ya ɗauki takalmin makarantar Auta zai goge, ya ga gefen na hagu ya ƙoƙe ta ciki, ga farin alli irin na layin fili maƙale a ɗinkin. Ya tambayi uwar ina yarinyar take, ta ce koyon waƙa. Ya ce lallai da ƙafa ake waƙar yanzu. Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi bayan coci yana jan ƙafa, zuciyarsa na tafasa.

An kewaye filin da waya, da wata 'yar ƙofa da mutum ɗaya kaɗai ke iya bi. Yara sun taru daga ciki suna jiran koci. Auta na daga waje, kusa da ƙofar, tana ɗaura igiyar takalmin aro. Ta ɗago ta gan shi, hannunta ya tsaya. Bahago ya wuce ta ya tsaya a tsakiyar ƙofar, ya juya wa filin baya ya tokare hanya. Yau sai dai ta bi ta kansa.

Sai ga Katanga tafe, da buhun ƙwallaye a kafaɗa, yana haki. Bahago ya gane tafiyar kafin fuskar. Duk tsawon shekarun nan yana kan benci yana shirya abin da zai faɗa masa, ya ɗinka zagin ya warware ya sake ɗinkawa, har ya san inda zai ja numfashi. Mutumin ya matso har suna jin numfashin juna, ya tsaya, ya dube shi cikin ido, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Gafara," in ji Katanga.

Wani abu ya kwance a ƙirjin Bahago, abin da bai ma san a ɗaure yake ba. Zagin ya ɓace. Idonsa ya kawo ruwa, ya ji bakinsa ya riga shi.

"Na yafe," ya ce, da ƙarfi.

Yaran da ke cikin fili an hore su da kyau. Ba su san me ya faru ba, amma sun ji gafara sun ji na yafe, sai suka amsa baki ɗaya, "Amin." Wasu har da tafi.

Katanga ya gyara buhun a kafaɗa, ya yi murmushin wanda ya haɗu da tsoho mai ɗan ruɗewa.

"Allah ya yi albarka, baba. Hanya nake nema in wuce."

Da an mari Bahago a tsakiyar kasuwa da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya yana kallon fuskar nan, yana neman ko alamar sani, babu. Katanga ya sauke ido kan takalmin mai tudu, ya girgiza kai cikin tausayi na gaske, kuma tausayin ne ya fi komai ciwo.

"Sannu. Hatsarin mota ne? Za mu sa ka a addu'a."

Bahago ya buɗe baki. Yanzu zagin ya dawo, cikakke, kalma bayan kalma. Amma Auta ta riga ta miƙe ta tsaya a gefensa, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba, ya tsaya a gabanka. Ya faɗa da bakinsa. Kai ma ka faɗa, kowa ya ji."

"Ba wannan gafarar ba."

"Ba ka ce wacce ba."

Ya dube ta da haushi, irin wanda ake ji idan an ga halin kai a jikin ɗa. Shi mutum ne da ya rayu a kan magana ɗaya, ya hana kansa coci, ya hana gidansa sakewa saboda ita, kuma magana zarar bunu ce. In ya ce bai yafe ba, ya ƙaryata kansa a gaban 'yarsa da yaran mutane. Yafiyar da ya ɓoye tun yana saurayi, yana jiran a zo a durƙusa a roƙa, ta fita a banza, ga wanda bai san ana bin sa komai ba.

Ya ja ƙafar ya kauce daga ƙofar. Katanga ya yi godiya ya wuce, buhun ya goge shi a kafaɗa. Auta ta tsaya tana jira.

Tun ranar yaran suka raɗa masa sabon suna, ya bi layi ya kama. Har yau bai shiga coci ba, har yau guduma na tashi ran Lahadi. Bai taɓa gaya wa Katanga ko shi wane ne ba, ya kuma gargaɗi Maman Auta kada ta kuskura, don ba ya son gafarar da aka tuna wa mutum. Ranar wasa yakan tsaya daga wajen waya, in an yi addu'a ba ya cewa amin. Takalmin ƙwallo ɗaya tak yake gyarawa a duniya, na Auta.

A ranar da abin ya faru kuwa, kafin Auta ta shiga filin, ya sa ta ɗora ƙafar hagu a kan gwiwarsa, ya kwance igiyar da ta ɗaura ya sake ɗaure ta tamau. Bai ɗago ba ya ce mata, "In kin ji takun mutum ta bayanki, ki yi tsalle. Kada ki tsaya jiran gafarar kowa."